Zayyana a Zamanin Manhaja: Wa Zai Rubuta Ƙa'idar Adon Gefe?

Katin gayyatar ɗaurin aure, da kalandar biki, da hoton walimar saukar Alƙur'ani, da sanarwar ta'aziyya da ake turawa ta WhatsApp, duk sun yi tarayya a abu guda, wato kowannensu yana zuwa ne cikin kewayen ado. A Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram akwai matasa da dama da suka mayar da tsara irin waɗannan hotuna sana'a, wasu a shagunan ɗab'i da kwamfuta, wasu da wayar hannu kawai. Idan aka tattara ayyukansu aka ƙare musu kallo, za a tarar sunayen na Hausawa ne, tufafin na Hausawa ne, addu'o'in ma waɗanda kunne ya saba da su ne, amma adon da ya kewaye su furannin wardi ne da ganyaye masu ruwan zinare waɗanda aka sauko da su daga intanet. In an tashi nuna cewa abin na gida ne, sai a ɗauko Dagin Arewa a manna a kusurwa huɗu. Al'ummar da ta shafe ƙarnoni tana ƙawata gefen takarda da wuyan riga da ƙofar zaure ta wayi gari adonta a fuskar kwamfuta bai wuce alama ɗaya ba.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, adon gefe na Hausa yana da ƙa'ida kamar yadda harshe yake da nahawu. Kowane zane yana da suna da mazauni da aikin da yake yi. Manhajar gyaran hoto tana iya kwafar siffar zane cikin daƙiƙa, amma ba ta ɗauke da wannan ƙa'ida. Saboda haka tattara ƙa'idar da rubuta ta da miƙa ta ga masu tsara hotuna aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa, kuma lokacin yinsa yana ƙurewa.

Asalin sana'ar

Al'adar manna hotuna da yankakkun takardu a cikin kundi domin tunawa ta bunƙasa ne a Ingila da Amurka a ƙarni na 19. A shekarar 1873 marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya yi rajistar mallakar wani kundi mai shafuka da aka riga aka shafa wa gam, wanda danshi kaɗan ya isa a manna abu a cikinsa. Da kwamfuta ta shiga gidaje, sai sana'ar ta koma cikinta. Manhajar CorelDRAW ta fito a 1989, Photoshop a 1990, GIMP wadda ake samu kyauta a 1996, Inkscape a 2003, sannan Canva a 2013. Abu biyu ne suka sa adon gefe ya zama haja mai zaman kanta. Na farko shi ne tsarin falle-falle da Photoshop ta shigo da shi a 1994, wanda ya ba da damar a ajiye hoto a falle ɗaya, ado a wani falle, rubutu a wani, a motsa kowanne ba tare da an taɓa sauran ba. Na biyu shi ne tsarin ajiyar hoto na PNG, na shekarar 1996, wanda yake iya barin tsakiyar firam a fayau yadda duk hoton da aka sa a ƙarƙashinsa zai bayyana. Tsarin JPEG da ya riga shi ba ya iya haka.

Daga nan firam da geza da adon kusurwa suka zama kaya da ake zanawa sau ɗaya a sayar ko a raba sau dubu. Masu wannan sana'a a Amurka har sun tsayar da ma'auni: shafi mai inci 12 a tsaye da kwance, ɗigo 300 a kowane inci, wato ɗigo 3600 a kowane gefe. Waɗanda suka cika rumbunan intanet da samfura sun zana abin da idonsu ya saba gani, wato furannin lambu da leshi da ƙirar firam ɗin Turai. Ba su yi laifi ba. Matashin da ke Fagge ko Sabon Garin Zariya yana da kati goma da zai gama kafin la'asar, kuma abin da ya samu a shirye shi zai ɗauka. Ya san kayan aro ba ya rufe katara, amma ba a ajiye masa na gida inda hannunsa zai kai ba.

Abin da gida ya tanada

Fagen da ƙa'idar adon gefe ta fi fitowa fili shi ne Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa da Barno. A cikinsa babu zanen da aka yi don cike gurbi. Ƙananan da'irori uku da aka ɗora wa juna suna nuna ƙarshen aya. Kumsa tana nuna aya ta biyar, kuri yana nuna ta goma. A gefen shafi akwai alamar sumuni da ta rubu'i da ta nusufi da ta izu, har izu sittin, ga kuma alamar wurin sujada. Manyan zayyanoni masu cin rabin shafi ko shafi guda sukan zo ne a farkon littafin da kuma farkon surorin A'arafi da Maryam da Sad, inda kowane kashi ɗaya cikin huɗu yake farawa. Launi ma yana da aiki: baƙi na baƙaƙe ne, ja na wasulla, rawaya ta hamza, kore na alifin sadarwa. Gardin da ke tilawa yana karanta waɗannan alamomi kamar yadda matafiyi yake karanta alamun hanya. Tun da ba a ɗinke irin wannan Alƙur'ani, warƙa-warƙa ake ajiye shi cikin gafaka, adon gefen yana taimakawa wajen gane inda aka tsaya. Wannan hannu bai mutu ba. Alƙur'anan da marubuta irin su Sharif Bala Gabari na Kano suka rubuta an ɗauki hotonsu an buga, sun bazu a tsangayu da kasuwanni. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka shi ma yana nan da nasa tsarin.

Haka abin yake a ɗinki. A babbar riga, aska biyu ko aska takwas suna sauka ne daga kafaɗar hagu zuwa kan aljihu, tambari kuma yana zama a ƙirjin dama da kuma baya. Ba a musanya musu wuri. A gini, magini yana taruwa da adonsa a kewayen ƙofar zaure da tagogi, zankwaye kuma suna tsaye a kusurwoyin soro. A cikin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, zanen da ke jikin ginshiƙai da bakan gizo yana bin ƙirar ginin ne, ya faɗaɗa inda ginin ya faɗaɗa, ya tsuke inda ya tsuke. Karin maganar da ke cewa tun ran gini ran zane bayani ne na sana'a kafin ya zama nasiha, domin ana yin zanen ne tun laka tana da danshi. Dukawa da masu zanen ƙwarya da masu saƙar faifai da masu lalle, kowane rukuni da nasa sunaye da nasa tsarin jeri.

An yi rubuce-rubuce a kan wasu daga cikin waɗannan. A. H. M. Kirk-Greene ya yi nazarin gidajen Zariya masu ado a 1963. David Heathcote ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma yi bincike mai zurfi a kan ɗinkin tufafi a Jami'ar Ahmadu Bello. Zbigniew Dmochowski ya auna gine-gine masu yawa ya zana taswirarsu, J. C. Moughtin ya wallafa nasa aikin kan ginin Hausa a 1985, Salah Hassan kuma ya yi nazarin alaƙar fasaha da ilimin malamai a 1992. Ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da kalmomin sana'a waɗanda da yawansu sun fara ɓacewa daga bakin matasa. Matsalar ita ce kusan duk waɗannan ayyuka da Ingilishi suke, a kan kantocin ɗakunan karatu suke, kuma babu ɗayansu da ke cikin sigar da mai tsara kati zai iya buɗewa a manhajarsa.

Inda manhaja take tuntuɓe

Wani zai ce ai magani mai sauƙi ne, a ɗauki hoton zanen a sa a kwamfuta. Duba yadda ake haɗa firam zai nuna cewa abin ya fi haka. Mai tsarawa yakan zana ƙwaya ɗaya ta ado, ya maimaita ta a tsawon gefe, sannan ya juya ta kamar a madubi domin ya sami ɗaya gefen. Ga furen wardi wannan dabara ba ta da illa. Ga dagi kuwa illa ce babba. Ƙa'idar dagi ita ce zare ya bi ta sama, sannan ta ƙasa, sannan ta sama, ba tare da ya maimaita ɗaya sau biyu a jere ba. Juyin madubi yana sauya wannan jeri, ta yadda a wurin da rabi biyun suka haɗu zaren zai bi ta sama sau biyu, ƙullin ya warware. Abin da ke kiyaye jerin shi ne a kewaya da zanen, ba a kifa shi ba. Maɗinki ko baduku zai hango wannan kuskure daga nesa, alhali manhajar ba za ta ce uffan ba.

Kusurwa ita ce tuntuɓe na biyu. Idan tsawon gefe bai rabu daidai da faɗin ƙwayar ado ba, zanen zai yanke a tsakiya. Mai gaggawa sai ya ja hoton ya miƙe, da'irar tambari ta koma siffar ƙwai, aska ta yi ƙiba ko ta rame. Mai zayyana na gargajiya yakan fara da auna fili ya raba shi gida-gida kafin ya ɗora alƙalami, kuma kusurwa tana da nata zanen dabam. Wannan ilimin awo shi ne ba ya fitowa a hoto.

Na uku shi ne bambancin zanen ɗigo da zanen layi. Hoton da aka ɗauka da waya tarin ɗigo ne, in aka faɗaɗa shi sai ya dushe. Takardar A4 tana buƙatar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo kafin ta fito tsaf a ɗab'i, hoton da ya bi ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi ƙasa da haka. Zanen layi, irin wanda ake ajiyewa a tsarin SVG, lissafi ne na lanƙwasa da miƙewa, saboda haka yana iya girma daga katin aljihu zuwa allon talla ba tare da ya lalace ba. Manhajoji suna da umarnin da ke mayar da hoto zanen layi da kansu, amma sukan goge rawar hannu da kaurin bakin alƙalamin kara, su kuma haɗe zaren sama da na ƙasa su zama dunƙule ɗaya. Dole mutum ya bi layin da hannu, kuma dole ya san abin da yake bi. Ga kuma batun launi. Baƙin shuɗin rigar da ta sha bugu yana ƙyalli ne gwargwadon yadda haske ya faɗa mata, kuma launin da fuskar kwamfuta take haɗawa da haske ja da kore da shuɗi ba lallai ya fito haka ba a injin da ke aiki da tawada huɗu.

Tuntuɓe mafi nauyi shi ne na mazauni. Da zarar an yanke zane daga inda yake an ajiye shi a fayil marar suna, komai na iya faruwa da shi. Alamar sujada za ta iya zama adon takardar tallar shago, zayyanar farkon sura ta kewaye hoton ɗan takara, a manna a bango, ruwa ya jiƙa, a tattake. Wanda ya yi haka ba da niyyar wulaƙanci ya yi ba, zane ya gani ya burge shi. Al'ummar da ke ɗauke takarda mai rubutun Larabci daga ƙasa ba za ta ɗauki wannan da sauƙi ba, kuma rigakafinsa shi ne kowane zane ya zo da bayaninsa.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ganin cewa adon katin biki bai kai matsayin da jami'a za ta ɓata lokaci a kansa ba. Irin wannan kallo aka taɓa yi wa littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa, sai ga shi yau sun zama fagen digiri da taruka. Abin da ido yake gani kullum shi yake zama ma'aunin kyau a wurin yaro. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin sunan mahaifinsa cikin wani ado ba sai na wardi zai ɗauka nasu ba su da ado.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Masu ita suna cewa fasaha rayayya ce, rubuta mata ƙa'ida daskarar da ita ne. Suna da shaida, domin maginan Zariya na tsakiyar ƙarni na 20 sun sa keke da agogo da mota a jikin bango, ba su nemi iznin kowa ba. Amma waɗannan magina sun san tsohon tsari kafin su ƙara masa sabo, shi ya sa keken ya zauna daidai cikin filin da aka raba masa. Haka matasan Ƙungiyar Fasaha ta Zariya da aka kafa a 1958 suka yi. Uche Okeke ya koma ya koyi zanen uli na Ibo, sannan ya gina sabon salo a kansa. Littafin nahawu bai taɓa hana mawaƙi karya ƙa'ida ba, sai dai ya sa ya san abin da ya karya. Abin da ake nema a nan bayani ne na yadda masu sana'a suke yi, ba doka ta yadda za a yi ba.

Hujja ta uku ita ce ta haƙƙi. Idan aka zuba zanen maɗinka da dukawa a intanet, kamfanonin waje za su kwasa su buga a atamfa su sayar wa masu shi. Wannan tsoro yana da tushe, kuma Gana ta ɗanɗana. Alamomin adinkra, waɗanda R. S. Rattray ya tattara wasunsu da sunayensu tun 1927, yau suna ko'ina a duniya, kuma masaƙun waje sun daɗe suna kwaikwayonsu tare da ƙirar kente. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta sanya irin wannan gado ƙarƙashin kulawar hukuma, dokar Nijeriya ta 2022 ita ma ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya. Duk da haka akwai darasi na biyu a labarin adinkra. Saboda an rubuta sunan kowace alama da ma'anarta, duk inda ta je ana sanin ta Akan ce. Zanen Hausa kuwa ana kwasarsa tun yanzu daga hotunan gidajen tarihi, a sayar da shi da laƙabin adon Afirka kawai. Ɓoyewa ba ta hana ɗauka ba, ta dai hana a san mai shi. Rumbun da ya rubuta suna da gari da sunan gwanin da ya zana shi ne hujjar da za a iya nunawa ranar da aka yi jayayya.

Aikin da ke jiran sassan Hausa

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin sashe ɗaya ba, in ya haɗa kai da sashen zane-zane da na kimiyyar kwamfuta. Mataki na farko shi ne fita fili. Ɗaliban da ake turawa nazarin sana'o'in gargajiya su zauna da masu zayyana da maɗinka da magina da dukawa da masu lalle, su rubuta sunan kowane zane yadda mai shi ya faɗa, da bambancin sunan tsakanin Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, da inda ake sa shi, da inda ba a sa shi, da yadda ake auna shi. A haɗa da abin da ke ajiye a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano da Gidan Arewa a Kaduna. Mataki na biyu shi ne a sake zana kowanne da hannu a zanen layi, a fitar da ƙwayar gefe dabam, ta kusurwa dabam, sannan a mayar wa gwanin ya duba ya amince kafin a saki. A biya shi ladan aikinsa, a kuma rubuta sunansa in ya yarda.

Mataki na uku shi ne rarrabewa. Zanen da ya keɓanta da Alƙur'ani da allo a ajiye shi a rukunin nazari, tare da bayanin malamai kan inda ya dace a yi amfani da shi. Wanda ya shafi sarauta a nuna haka. Sauran, irin na ƙwarya da faifai da bango da fata, a sake su ga masu tsara kati da sharaɗin ambaton tushe, a kuma tanadi wani sharaɗi dabam ga kamfanin da zai buga su don kasuwa. Lasisin Creative Commons ya riga ya tanadi irin wannan bambanci. Mataki na huɗu shi ne kalmomi. Masu koyar da wannan sana'a a bidiyo da Hausa suna fama da rashin sunayen kayan aikin manhaja, kowa da abin da yake kira. Masanan da suka zauna a Bamako a 1966 kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, da waɗanda suka ci gaba da aikin ƙa'idojin rubutu da ƙirƙirar kalmomi a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, sun nuna cewa irin wannan zama yana haifar da abin da jama'a za su ɗauka.

Dalilin gaggawa a bayyane yake. Siminti da fenti sun ture laka da makuba a yawancin unguwanni, keken ɗinki mai kwamfuta yana fitar da aska cikin sa'o'i kaɗan inda hannu yake shafe watanni, gwanayen da suka san sunan kowane lanƙwasa kuma tsufa yana cim musu. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka fara zana firam da kansu suna koyo ne daga hotunan da suka tarar a intanet, tare da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsu. In ba su tarar da komai ba sai Dagin Arewa da aka juya a madubi, shi za su riƙa mayarwa a matsayin adon Hausa, masu tsara kati kuma su karɓa. Zane ɗari da aka tattara da sunayensu da awonsu da amincewar masu su, aikin zangon karatu biyu ne ga ajin ƙarshe guda ɗaya, kuma sashen da ya fara shi zai ga sakamakonsa a katunan bikin ɗalibansa.